Wilhelm Rontgen, mutumin da ya gano hasken da ke nuna ƙashi

Kafin shekarar 1895, babu likitan da ya taɓa ganin ƙashin da ke cikin jikin mutum mai rai, sai fa in ya tsaga fata da wuƙa. In mutum ya faɗo daga bisa doki ko daga bisa itace, sai a taɓa wurin da hannu, a lalaba, a tambaye shi inda yake jin zafi. Haka maɗori yake yi a ƙauye, haka kuma manyan likitocin Turai suke yi.

Karayar hannu ko ta ƙwauri ba ta da wuyar ganewa, don ƙashin yana kusa da fata. Amma kwatangwalo, wato inda ƙashin cinya ya haɗu da ƙugu, yana can ciki, tsoka mai kauri ta rufe shi. Yatsa ba ya kai gare shi. Saboda haka mutane da yawa suka gurgunce, ba a san abin da ya same su ba.

Yau in aka kai wanda ya karye gidan likita, sai a ce a yi mashi radiyo. Wannan ba akwatin radiyon da ke ba da labaru ba ne. Hoto ne da ake ɗauka da wani irin haske mai ratsa nama. Wanda ya gano wannan haske ba likita ba ne. Wani malami ne Bajamushe mai koyar da ilimin fizik, sunansa Wilhelm Konrad Rontgen.

Ƙuruciyarsa

An haifi Rontgen ran 27 ga watan Maris 1845, a garin Lenep cikin ƙasar Jamus. Ubansa ɗan kasuwa ne mai sayar da yadi. Shi kaɗai ne ɗan da iyayensa suka samu. Yana da shekara 3 suka ƙaura zuwa garin Apeldorn cikin ƙasar Holan, ƙasar da aka haifi uwarsa. A can ya girma, a can kuma ya fara karatu.

A aji bai fi sauran yara ba. Abin da ya fi so shi ne yawo cikin daji da ƙera ƴan na'urori da hannunsa. Ba shi da yawan magana, amma yana da lura ƙwarai.

A 1862 aka sa shi makarantar koyon fasaha ta birnin Utrek. Ana nan, ran nan sai wani ɗan aji ya zana hoton wani malami don ba'a. Aka ɗora wa Rontgen laifin. Ba shi ya zana ba, ya kuma san wanda ya zana, amma ya ƙi faɗin sunansa. Sai aka kore shi, ya fita ba shi da takardar ƙare makaranta.

Wannan kora ta bi shi shekaru da yawa. Jami'ar Utrek ta yarda ya zauna ya saurari darasi, amma ba ta rubuta shi cikin ɗalibanta na sosai ba. Wani yaro da sai ya fid da rai. Shi kuwa ya yi ta bincike har ya ji labarin wata babbar makaranta a birnin Zurik, cikin ƙasar Suwis, wadda ke iya karɓar ɗalibi ba tare da wannan takarda ba. Ya tafi can a 1865. A 1868 ya samu takardar injiniya, a 1869 kuma ya samu digirin dakta.

Aikin koyarwa

A Zurik ya haɗu da mutum biyu da suka zama masu muhimmanci cikin rayuwarsa. Na farko wani babban malamin fizik ne mai suna Agust Kunt, wanda ya ga ƙwazonsa ya ɗauke shi mataimaki. Ta biyu Ana Berta Ludwig ce, ɗiyar wani mai gidan sayar da abinci. Suka yi aure a 1872. Allah bai ba su haihuwa ba, sai suka ɗauki ɗiyar ɗan'uwan Berta, suka riƙe ta kamar tasu.

A 1870 Rontgen ya bi malaminsa zuwa jami'ar Wurzburg ta Jamus. Jami'ar ta hana shi izinin koyarwa, saboda dai takardar nan da ba shi da ita. Sai a birnin Istirasbur ya samu izinin, a 1874. Daga nan ya yi ta ci gaba. A 1879 ya zama babban malami a garin Gisen. A 1888 jami'ar Wurzburg, wadda ta ƙi shi da farko, ita da kanta ta kira shi ya shugabanci sashen fizik. Daga baya aka zaɓe shi shugaban jami'ar gaba ɗaya.

An san shi da hali guda: ba ya faɗin abu sai ya gwada shi sau da yawa. Yakan ƙera kayan gwajinsa da kansa, kuma ya fi son yin aiki shi kaɗai.

Daren 8 ga Nuwamba 1895

A zamanin nan masana da yawa suna gwaji da wata irin kwalba. Ana zuƙe iskar da ke cikinta, a sa mata waya biyu, a saki wutar lantarki mai ƙarfi. Sai kwalbar ta riƙa walƙiya. Rontgen ma yana wannan gwaji, lokacin yana da shekara 50.

Ran Juma'a 8 ga Nuwamba 1895, da dare, ya rufe kwalbarsa ruf da baƙin kwali, ya kashe fitila, ya saki wuta. Ɗakin ya yi duhu ƙirin. Sai ya hango wani ɗan haske kore-kore can gefe, nesa da kwalbar. Da ya duba, ashe wata takarda ce da aka shafa wa wani sinadari mai ƙyalli. Ya kashe wuta, hasken ya ɓace. Ya sake saki, hasken ya komo.

Abin ya ɗaure mashi kai. Hasken da ido ke gani ba ya ratsa baƙin kwali. Ke nan akwai wani abu da ba a gani, wanda ke fita daga kwalbar, ya ratsa kwalin, ya ƙetare ɗakin, ya kai ga takardar.

Ba shi ne farkon wanda wannan abu ya gitta wa ba. Kafinsa, wasu masana sun tarar da allunan ɗaukar hoto da suka ajiye kusa da irin wannan kwalba sun lalace. Ba su nemi dalili ba, suka wuce. Rontgen kuwa ya tsaya.

Ya yi mako 7 yana aiki shi kaɗai. Cikin ɗakin gwaji yake cin abinci, wani lokaci a can yake kwana. Bai yi shela ba, don yana tsoron kada idonsa ne ke ruɗinsa. Ya sa littafi mai shafi 1000 tsakanin kwalbar da takardar, abin ya ratsa. Ya sa katako, ya ratsa. Ya sa roba, ya ratsa. Da ya sa dalma, sai ta tare shi. Yana riƙe da guntun dalma a gaban kwalbar, sai ya ga inuwar ƙasusuwan yatsunsa bisa takardar.

Tun da bai san ko mene ne wannan haske ba, sai ya sa mashi suna X. Babu wannan harafi cikin baƙaƙen Hausa, amma ƴan makaranta sun san shi cikin Faransanci da lissafi. Shi ake rubutawa a madadin abin da ba a sani ba tukuna. Shi ya sa har yau ake cewa *rayons X* da Faransanci.

Hannun Berta

Ran 22 ga Disamba 1895 ya kira matarsa ɗakin gwaji. Ta ɗora hannunta bisa allon ɗaukar hoto, ta riƙe shi shiru kamar minti 15. Da aka wanke hoton, sai ga ƙasusuwan yatsunta a fili, ga kuma zobenta kewaye da ƙashi. Naman kuwa sai wata inuwa dishi-dishi. Berta ta tsorata, don a lokacin nan ba a ganin ƙashin mutum sai bayan ya mutu.

Dalilin wannan ba shi da wuyar fahimta. Hasken X yana ratsa nama da sauƙi. Ƙashi kuwa yana ɗauke da sinadarin kalsiyom, irin wanda ke cikin alli da ɓawon ƙwai, shi ke tare mafi yawan hasken. Saboda haka a hoton da likita ke dubawa ƙashi fari ne, nama toka-toka, iska kuwa baƙa.

Ran 28 ga Disamba ya miƙa rahotonsa mai shafi 10 ga ƙungiyar masana ta Wurzburg. Ran 1 ga Janairu 1896 ya aika wa abokan aikinsa rahoton ta gidan waya, tare da hotuna. Gani ya kori ji. Ran 5 ga Janairu wata jarida ta birnin Biyena ta buga labarin, kafin wata ya ƙare ya game Turai da Amurka. Ran 23 ga Janairu ya yi bayani a gaban taro a Wurzburg. A nan ya ɗauki hoton hannun wani dattijo masanin jikin ɗan Adam, Albert Koliker. Dattijon ya nemi a sa wa hasken sunan Rontgen, taro ya yarda. Har yau da wannan suna Jamusawa suke kiransa.

Likitoci ba su ɓata lokaci ba. Cikin ƴan makonni suka fara neman allura da harsashi cikin jikin mutane, suna duba karaya. A shekarar 1896 kaɗai an buga rubuce-rubuce fiye da 1000 a kan wannan haske.

Yadda likita ke karanta hoton kwatangwalo

Hannu siriri ne, ɗaukar hotonsa ba wuya. Kwatangwalo kuwa ya ba likitocin farko wahala, saboda kaurin wurin. Sai mai ciwo ya daɗe a kwance, hoton kuma ya fito dishi-dishi. A 1913 wani Ba'amurke mai suna Wiliyam Kulij ya ƙera sabuwar kwalba mai ƙarfi, wadda ake iya ƙara ko rage haskenta. Daga nan hotuna suka riƙa kyau.

Kan ƙashin cinya dunƙulalle ne, yana zaune cikin wani gurbi a ƙashin ƙugu, kamar lemu cikin ƙoƙo. A ƙarƙashin kan akwai wuya, shi ya haɗa kan da sauran ƙashin. Za a ɗauki hoto, sai mai ciwo ya kwanta rigingine, a ɗan karkato da ƙafafunsa ciki don wuyan ya fito sosai. Ana ɗaukar gefe biyu cikin hoto guda, dama da hagu. Sa'an nan a ɗauki na biyu ta gefe, don karayar da ta ɓuya a hoton farko takan bayyana a na biyu.

Likita ba ya duba hoto da gaggawa. Da farko sai ya karanta sunan mai ciwo, ya duba alamar dama da hagu, kada a yi wa ƙafa mai lafiya aiki. Sa'an nan ya gwada gefe mai ciwo da gefe mai lafiya. Ya bi bakin kowane ƙashi da ido, ko akwai tsaga. Ya duba kan ƙashin cinya, ko yana nan dunƙule, ko yana cikin gurbinsa.

Bayan haka sai ya duba ratar da ke tsakanin kan da gurbin. Wannan rata ba fanko ba ce. Guringuntsi ne a wurin, shi kuwa ba ya fitowa a hoto. In ratar ta matse, guringuntsin ya cinye, kamar yadda yake faruwa ga tsofaffi.

Akwai kuma wata dabara da wani likitan birnin Landan, Edward Shenton, ya bayyana a 1902. Likita zai bi gefen ƙasa na wuyan ƙashin cinya da ido, ya zarce zuwa ƙashin mara. Ga mai lafiya, wannan layi yana lanƙwashe sumul kamar baka. In bakan ya katse, to, ko wuyan ya karye, ko kan ya goce daga gurbinsa. Har yau ana kiransa layin Shenton.

Karayar wuya tana da haɗari, domin jijiyoyin da ke kai wa kan ƙashin jini ta wuyan suke bi. In suka tsinke, kan yana iya mutuwa. Irin wannan karaya ta fi ƙarfin ɗori da kara, sai aikin likita.

Hoton ya kuma raba cututtukan da a da ake ɗauka ɗaya ne. A da, yaron da ya fara ɗingishi yana kukan kwatangwalo, akan ce ƙwayar tarin fuka ce ta shiga ƙashinsa. A 1910 likita uku, Leg a Amurka, Kalbe a Faransa da Pertes a Jamus, kowa da aikinsa daban, suka nuna akwai wata cuta dabam. Jini ne ke yanke wa kan ƙashin na wani lokaci, sai kan ya yi laushi ya baje. Ta fi kama yara maza ƴan shekara 4 zuwa 10.

A Nijar da ƙasashen da ke maƙwabtaka da ita akwai wata cuta da ke yi wa kwatangwalo irin wannan ɓarna, wato amosanin jini, da Faransanci *drépanocytose*. Ƙwayoyin jini ne ke lanƙwashewa su toshe ƙananan jijiyoyi. Shi ya sa likita ke neman a yi radiyo in mai wannan cuta ya fara ɗingishi.

Duk da haka, hoto ba ya nuna kome da kome. Kan ƙashin cinyar jariri guringuntsi ne har wajen wata 4 zuwa 6, ba ya fitowa. Wata siririyar tsaga kuma takan ɓuya a ranar farko. Don haka likita yakan saurari mai ciwo, ya taɓa shi, ya duba tafiyarsa, sa'an nan ya haɗa da abin da hoto ya nuna.

Amfani da haɗari

Lokacin yaƙin duniya na farko, daga 1914 zuwa 1918, Mari Kuri ta shirya motoci kamar 20 masu ɗauke da na'urar radiyo a Faransa. Suna zuwa kusa da fagen fama, ana neman harsashi cikin jikin sojojin da suka yi rauni.

Amma hasken X yana da haɗari in ya yi yawa. Mutanen farko ba su sani ba. Hannuwansu suka ƙone, gashinsu ya zube, wasu suka kamu da ciwon daji. Wani ma'aikaci a Amurka, Kilarans Dali, an yanke mashi hannu biyu, ya mutu a 1904. A 1936 aka kafa dutsen tunawa a birnin Hambur na Jamus, aka rubuta sunayen likitoci da ma'aikata fiye da 150 da hasken ya kashe. Shi Rontgen bai ƙone ba. Yakan yi gwajinsa daga cikin wani ɗan ɗaki na tutiya da aka ƙara wa dalma.

Yau ɗaukar hoto ba ya kai daƙiƙa guda, hasken da ake saki kuma kaɗan ne. Mai ɗaukar hoto yakan tsaya bayan katanga, ko ya sa riga mai dalma. Mace mai ciki kuwa, wajibi ne ta faɗa wa likita kafin a yi mata radiyo.

Ya ƙi sayar da abin da ya gano

Masu masana'antu sun zo wurin Rontgen. Suna so ya yi rajistar abin da ya gano da sunansa, yadda duk mai son ƙera na'urar sai ya biya kuɗi. Da ya yarda, da ya zama babban attajiri. Ya ƙi. A ganinsa, abin da mai ilimi ya gano na mutane duka ne. Saboda haka kowace ƙasa ta samu damar ƙera na'urar, ba tare da neman izininsa ba.

An ba shi damar shiga sahun masu sarauta, a ƙara wa sunansa kalmar girma. Wannan ma ya ƙi. A 1900 ya koma jami'ar birnin Munik. Ran 10 ga Disamba 1901, a birnin Istokolm na ƙasar Suwidin, aka ba shi lambar Nobel ta fizik. Shi ne mutum na farko da ya same ta. Kuɗin lambar kuwa ya bar wa jami'ar Wurzburg.

Suna bai kawo mashi kwanciyar rai ba. Ƴan jarida sun dame shi. Masu hassada kuma suka riƙa yaɗa cewa ba shi ya gano hasken ba. Abin ya yi mashi zafi, amma bai tsaya jayayya ba. Rahoto 3 kaɗai ya rubuta a kan hasken X, sa'an nan ya koma ga sauran bincikensa. In an yi hutu yakan tafi hawan duwatsu a Suwis. A 1912, a Munik ɗin nan, wani masani mai suna Maks fon Lawe ya tabbatar cewa hasken X dangin hasken da muke gani ne, sai dai ido ba ya iya kama shi.

Ƙarshen rayuwarsa

Berta ta rasu a 1919, bayan doguwar jinya. A 1920 Rontgen ya bar aikin koyarwa. Jamus ta sha kashi a yaƙi, darajar kuɗinta ta faɗi ƙasa warwas. Abin da ya tara duk ya zama banza, har kuɗin da ya bar wa jami'a. Mutumin da likitocin duniya ke cin amfanin aikinsa ya ƙare kwanakinsa cikin ƙunci.

Ya mutu ran 10 ga Fabrairu 1923 a Munik, da ciwon daji na hanji, yana da shekara 77. Aka binne shi a Gisen, kusa da matarsa da iyayensa. Ya bar wasiyya a ƙone yawancin takardunsa, aka kuwa ƙone su.

A 2004 masana suka sa sunansa ga sinadari mai lamba 111. Ran 8 ga Nuwamba kuma, ma'aikatan radiyo na ƙasashe da yawa sukan tuna da shi. Na'urar da ake ɗaukar hoton ƙashi da ita a Yamai, Damagaram, Maraɗi da Tawa, asalinta kwalbar nan ce da ya rufe da baƙin kwali.

Tambayoyi

1. Me ya sa aka kori Rontgen daga makarantar Utrek?
2. Me ya gani a daren 8 ga Nuwamba 1895? Me ya bambanta shi da masanan da suka riga shi?
3. Don me ƙashi yake fitowa fari a hoton radiyo?
4. Ku faɗi abu uku da likita ke dubawa a hoton kwatangwalo.
5. Me ya sa Rontgen ya ƙi sayar da abin da ya gano? A ganinku ya yi daidai?
6. Ku zana ƙashin cinya cikin littafinku, ku nuna kai da wuya.